Ba sojoji ne ke cinye kasafin kuɗin Najeriya ba

Kullum a majalisar mai shayi sai kaji ana cewa ai tsaro ne ya lamushe kuɗin asibiti da makarantu, wai da an rage na soja shikenan an huta. To a duba kasafin 2025 da Tinubu ya kai majalisa a Disamban 2024, tsaro tiriliyan 4.91, ilimi 3.52, lafiya 2.48, amma biyan bashi kaɗai naira tiriliyan 15.81, ya ninka na tsaro sau uku harda ɗoriya. Kuma fa kuɗin tsaron nan harda ƴan sanda a ciki, mafi yawansa ma albashi ne ba siyan jirgin yaƙi ba. Ko duka ka kwashe ka ba asibitoci, masu bin bashi dai su ake fara sallama.