Waiwaye: Waƙar ibadar da Bach ya rasu bai ji ta cikakkiya ba

Sa'ad da mai tsara kiɗa Johann Sebastian Bach ya rasu a birnin Leipzig na Jamus ranar 28 ga Yulin 1750, ya bar kundin wata doguwar waƙar ibada da yanzu ake kira Mass in B minor. Rerawarta kan ci kusan awa biyu, kuma mawallafin bai taɓa jin an kai ta daga farko har ƙarshe ba.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, Bach mabiyin Martin Luther ne, wanda ya ɓalle daga cocin Katolika, amma kalmomin da ya ɗora wa kiɗa na sujadar Katolika ne da harshen Latin. Tsawonta ya fi ƙarfin sujadar kowace majami'a ta zamaninsa. To wa ya rubuta wa?

Da kaɗan-kaɗan aka tara ta. Sashen Sanctus, na tsarkake Ubangiji, an rera shi tun Kirsimetin 1724. A 1733 Bach ya aika sassan Kyrie (roƙon jinƙai) da Gloria (ɗaukaka Allah) zuwa fadar Dresden, ga sabon mai mulkin yankin Saxony wanda ɗan Katolika ne, haɗe da takardar neman muƙami a fada. Ba a ɓoye ba, akwai neman abin duniya a ciki: ya gaji da tsangwamar mahukuntan Leipzig, inda yake aiki. Muƙamin bai zo ba sai 1736.

Sauran aikin ya kammala shi tsakanin 1748 da 1749, ganinsa na dushewa. Ya riƙa komawa tsofaffin waƙoƙinsa yana tsamo waɗanda ya fi ji da su. Sashen gicciye Almasihu, Crucifixus, ya samo asali daga waƙar makoki da ya tsara a Weimar a 1714. Ƙasan kiɗan yana gangarowa taki-taki, sau goma sha uku, muryoyin na ta yin ƙasa har su kusa ɓacewa, kamar an sauke gawa a kabari. Sai kwatsam kakaki da ganguna su fashe da shelar tashi daga matattu. A nan, a ganina, aka fi jin imanin mutumin. Haka kuma roƙon salama na ƙarshe ya ɗauki kiɗan da aka riga aka yi godiya da shi a Gloria, ta yadda roƙo da godiya suka zama murya ɗaya.

Ɗansa Carl Philipp Emanuel ya gabatar da sashen Credo, na furta imani, a birnin Hamburg a 1786. Cikakkiyar waƙar kuwa sai a 1859 aka ji ta a Leipzig, fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa, kuma yau an fi jin ta a hannun ƙungiyoyin mawaƙa masu sayar da tikiti.

Rubutun hannunsa yana ɗakin karatu na Berlin, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2015. Tawadar da ya yi amfani da ita ta ci takardar a wurare da dama.