Laptop mai ramin USB biyu, kayan studiyo rututu: wanne za a soka ina?

Tunda na fara ɗaukar sauti a ɗakina nan Garwa samari suke ta turo min tambaya kusan iri ɗaya a WhatsApp, wasu daga Marwa wasu har Kusri da Njamena, shi ne na ce bari in amsa su wuri guda.

Yaya, laptop ɗina rami biyu gare ta, ga kart son ga piyanon MIDI ga suris ga disk na waje, wanne zan haƙura da shi?

Ba wanda za ka haƙura da shi ƙanena. Kart son, wato akwatin da ke shigar da sautin mikro cikin laptop, ka ba shi rami ɗaya shi kaɗai, kai tsaye a jikin laptop, ba ya son kishiya. Ɗaya ramin ka sa hub, wato abin da ke mayar da rami ɗaya ramuka da yawa, sauran duk su yi layi a kansa, piyano da suris (mouse) da kle USB (flash) ba ruwansu, ko ina ka sa su aiki za su yi.

To hub ɗin ba zai rage gudu ba har sautin ya lalace?

Nan ne mutane suke kuskure, suna zaton hanya ce ta yi kaɗan alhali wuta ce ba ta isa. USB 2.0 yana ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, mikro biyu kuwa a 24-bit 48 kHz ko megabit 3 ba sa kaiwa, MIDI, wato saƙon da piyano yake aika wa laptop, ma ba a maganarsa. Amma wutar da rami ɗaya yake bayarwa bisa ƙa'ida 500 mA ce a USB 2.0, 900 mA a USB 3.0, kuma hub marar caja wannan 'yar wutar ce zai raba wa kowa. Kart son irin Scarlett 2i2 ko Behringer UMC22 daga USB suke ci, daga nan ne ma suke haɗa 48V ɗin da mikro kondensa yake buƙata, sai ka kawo disk mai juyawa wanda shi lokacin tashinsa jan wuta yake kamar ba gobe.

Ni kaina ta taɓa ci na. Wata yarinya tana rera waƙar biki, muryar ta zauna daram, mun kusa baiti na ƙarshe sai na ji disk ya yi ƙit ƙit, fitilar kart son ta mutu ta dawo, FL Studio da nake ɗaukar sautin da shi ya tsaya cak. Wallahi sau huɗu muka sake ba ta ƙara yin irin na farko ba, har yau abin yana min ciwo.

Wane hub zan saya kenan?

Mai cajarsa daban wanda ake sokawa a bango. Kar ka yarda da bakin mai shago kawai, buɗe kwalin a gabansa ka ga cajar da idonka, don akwai masu ramin caja a jiki amma babu cajar a ciki. Ka duba rubutun da ke bayanta, in 5V ce kar ta gaza 2A, kuma ka nemi mai shuɗin ciki, yawanci shi ne USB 3.0, disk zai ji daɗinsa. Abu ɗaya dai, in aka ɗauke wuta laptop za ta ci gaba da batir amma hub zai iya sakin kayan da ke kansa, shi ya sa nake ajiye aikin a cikin laptop tukuna, in an gama in kwashe zuwa disk. Mai hali ya sa ondila, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke.

Ina da mikro mai USB, zan iya haɗa shi da kart son mu yi waƙa mu biyu?

Gaskiya ban ba ka shawara ba. A Windows direban ASIO, wanda ke haɗa kart son da manhajar ɗaukar sauti, na'ura ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, wani direba mai suna ASIO4ALL yana iya haɗa biyu amma kowacce da agogonta, in waƙar ta yi tsawo sai ka fara jin ƙas ƙas ko murya ɗaya ta zame wa ɗaya. Mikro biyu masu XLR (wayar mikro mai fil uku) a kart son mai baki biyu ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Babu dabarar rage kayan ba tare da hub ba?

Akwai. Suris na Bluetooth ya ba ka rami ɗaya kyauta. In kart son ɗinka yana da ramin MIDI mai fil biyar kamar UMC204HD, piyano ya bi ta nan, sai dai ka nemo masa cajarsa. Amma kask (abin sauraro na kunne) na Bluetooth kar ka soma, sautin yana makara, mawaƙi zai rikice.

Na yi duk wannan har yanzu ina jin zzzz da tsinkewa, me ya rage?

Zare cajar laptop ka saurara, in ƙarar ta ɓace to daga caja ko ralonj (wayar ƙarin soket) take shigowa, ka canza ko ka yi ɗaukar a kan batir. In tsinkewa ce ka shiga saitin wuta na Windows ka kashe USB selective suspend, ka ɗaga bafa (buffer) a saitin kart son zuwa 256 ko 512, sannan ka gwada wata wayar USB gajeriya, don sau da yawa ita ce ta karye ta ciki ba a gani.