Allurar kashe zafi ba ta kashe jijiya

An daɗe ana cewa allurar kashe zafi da ake yi a ƙirji lokacin tiyatar ƙara ko rage nono tana kashe jijiya har abada. Ba haka ba ne. Likita na kallon na'urar hoton cikin jiki, ya zuba magani irin bupivacaine tsakanin tsokokin ƙirji, dabarar da Dakta Rafael Blanco, likitan sa barci da kashe zafi a tiyata, ya bayyana a 2011. Tare saƙon zafi kawai maganin ke yi, yawanci kafin kwana guda ya saki jijiyar. Mace ta farfaɗo tana numfashi ba cije leɓe, buƙatar morfin, maganin zafi mai sa amai, ta ragu.

Rashin jin taɓi a kan nono na watanni kuwa, galibi aikin wuƙar tiyata ne.