Ma'anar Fadama da Abin da Ke Kwance Ƙarƙashinta

Fadama ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin gulbi wadda ruwa ke malalewa a kanta idan damina ta kankama. Ruwa ne ya kwaso ƙasarta daga tudu ya jibge, shekara bisa shekara. Shi ya sa in aka haƙa rami a gefen gulbin Gada ta wajen Jibiya, ko Karaɗuwa mai cika madatsar Zoɓe, ake ganinta hawa-hawa: baƙar laka mai danƙo a sama, sai rairayi, sai yashi mai kauri, can ƙasa tsakuwa.

Tsakuwa ita ce ƙwayar da ta wuce milimita 2. Ta gulbi mulmulalliya ce, gangarowa ta cinye kaifinta. Daban take da jan burji na marmara da ake zubawa a hanya.

To, wannan tsakuwar da masu tifa ke nema ita ce randar fadama. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jikinta kafofi ne, kuma a nan ruwan damina ke maƙalewa har mai noman rani ya jawo shi da injin ban-ruwa ya shayar da albasa da tumatir. Idan aka zurfafa rami har ƙasa da matakin wannan ruwa, rijiyoyin kewaye sukan tsiyaye cikinsa, rana ta shanye. Idan kuwa cikin gulbin aka haƙa, bakin ramin ta inda ruwa ke shigowa ya dinga zaftarewa ke nan yana cin baya, har ya kai gindin gada ko gonar wani. Wannan ne ya fi tayar da hankali, domin ɓarnar takan bayyana nesa da inda aka haƙa.

Kafin a ba da fili don haƙar tsakuwa, a haƙa ramukan gwaji da dama, domin tsakuwa bin tsohuwar hanyar ruwa take yi, ba ko'ina take ba. A auna zurfin ruwa sau biyu, a Satumba da kuma Afrilu. A zuba samfur cikin kwalba da ruwa a girgiza, a bari ya kwana. In laka ta yi kauri a samansa, siminti ba zai kama shi da kyau ba sai an wanke. Yardar mai gona ko mai unguwa kaɗai ba ta isa ba, dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora ba da lasisi a kan gwamnatin tarayya. Baƙar lakar sama kuma a tara ta gefe guda, kada a cakuɗa ta da yashi, da ita za a rufe ramin idan an gama.