Wai me ake nufi da kwamfuresa 'yar Beljiyam?

Duk wanda firij ɗinsa ya taɓa tsayawa a garin Gombe, musamman a watan Maris ko Afrilu da zafi ke kamar zai dafa mutum, ya san tambayar da mai gyara zai fara jefo masa: "Alhaji sabuwa za a sa ko Beljiyam?" Kwamfuresa yake nufi, wato injin nan da ke bayan firij mai tura gas don a samu sanyi. Kwanaki goggona da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo a Jekadafari ta kira ni, ta ce ɗan nan zo ka ji min, wai injiniya ya ce kwamfuresar firizana ta ƙone sai an sa 'yar Beljiyam, ni kuwa ina ce in daga Turai take ai ta fi sabuwa tsada ko? Na ce a'a Goggo, tsohuwa ce fa ake nufi.

To ma'anar ke nan a taƙaice. In ka ji an ce kaya Beljiyam ne, ana nufin an riga an yi aiki da shi a waje sannan aka loda a kwantena aka kawo nan. Abin da Yarbawa ke kira tokumbo, wato abin da ya tsallako teku, kamar dai gwanjo a harkar tufafi. Sunan daga harkar motoci ya samo asali, tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke ƙasar Beljiyam ta daɗe tana cikin manyan wuraren da ake lodin tsofaffin motoci zuwa Kwatano da Legas, har ya zama duk tsohon kayan Turai sai a ce ɗan Beljiyam, ko da kuwa daga Jamus ko Ingila ya fito. Saboda haka kalmar ba ta gaya maka inda aka ƙera kwamfuresar ba, ba ta gaya maka shekara nawa ta yi tana aiki ba. Kuma a nan ne ake cin kuɗin mutane.

A bakin masu gyara akwai wasu kalmomin da ke tafiya tare da ita. Folo-kom ita ce wadda ta zo da firij ɗin tun daga kamfani. Sabuwa fil a kwali, wannan a fili take, sai dai akwai orijina akwai jabu, shi ya sa ma wasu injiniyoyin suke rantsuwa Beljiyam mai kyau ta fi sabuwa mai arha ƙarko, kuma ni ban ga laifinsu ba, tsohuwar Danfoss ko Embraco da ba a taɓa buɗe ta ba tana iya ƙara shekaru tana aiki. Sai kuma wadda aka yi wa riwayin, wato ta ƙone a nan gida aka yanka ta aka sake naɗa wayar ciki aka yi walda aka fesa baƙin fenti. Wannan ba Beljiyam ba ce ko kaɗan amma da sunan ake sayar da ita. Ka duba ɗinkin da ya zagaye cikinta, na kamfani sumul yake, na mai walda kuwa kududdu-kududdu za ka gani.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne 'yar takardar nan da ke manne a jikin kwamfuresar, don ita ba ta san ciniki ba. Da farko wuta, tamu 220 zuwa 240 ce, in ka ga 110 ko 115 kayan Amurka ne, kana jona ta ta tafi. Sai gas. Yawancin firij na gida yanzu ko R134a ko R600a suke sha, kuma kowace kwamfuresa da gas ɗin da aka ƙera ta dominsa, har man da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ne, saboda haka ba a ɗura wa wannan na waccan a ce ai duk gas ne. R600a ɗin ma yana kama wuta, ɗan'uwan gas ɗin girki ne, mai gyaran da ya kunna wutar walda bai fitar da shi ba wallahi da ransa yake wasa. In kuwa ka ga R12 a rubuce to ka haɗu da kakar kwamfuresoci, wannan gas ɗin yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta sa aka daina shi saboda yana lalata rufin ozon na sama, ƙasashe irin namu wa'adinsu 2010 ne, ka ga ke nan kai da kanka ka lissafa shekarunta. Sai girma, wato ƙarfinta da ake aunawa da HP, 1/8 ko 1/6 ko 1/5 ko 1/4, in aka sa wa babbar firiza ƙarama za ta yi ta gudu ba hutu kuma ƙanƙara ba za ta kama ba.

Amma tsaya tukuna, ka ma tabbata ta ƙone? A gefen kwamfuresa akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa biyu, rile da obalod. Rile shi ke tayar da ita, obalod kuma shi ke yanke wuta in ta ɗau zafi ko wuta ta zo rabi-rabi irin wadda muka saba gani da yamma. In ka ji firij ya yi gurnani kaɗan sai ƙas, shiru, bayan 'yan mintuna ya sake, sau da yawa rile ne ya mutu, ka sa a ciro shi a girgiza, in ka ji kamar tsakuwa a ciki ya fashe. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwamfuresa ba. Na Goggo ma haka ya kasance, da muka kai wa wani mai gyaran a Tudun Wada ya sa mita a ƙafafun nan uku na kwamfuresar da wuta ke shiga ya ce Hajiya lafiyarta ƙalau, ya canza rile, kafin la'asar bangon firiza ya yi fari. Ban ce na farkon cuta ya yi niyya ba, wataƙila gaggawa ce, Allah dai Ya sani.

In kuma ta tabbata sai an canza, a gwada ta a gabanka kafin a biya, a jona ta a wuta ka toshe bakin bututun da ke fitar da iska da babban yatsa, mai lafiya ba za ka iya riƙe ta ba. A ɗan tsiyayo man da ke cikinta, in baƙi ne yana warin ƙuna a bar musu kayarsu. Ka ce a canza diraya, wannan ɗan jan ƙarfen mai kama da tsiren alewa da ke tsotse laima, duk sanda aka buɗe layin gas sabo ake sawa, kuma a zuƙe iskar ciki da injin bakyum kafin a ɗura gas, masu gyara da yawa suna tsallake wannan. Sannan ku yi maganar garanti tun kafin kuɗi ya bar hannunka, sati biyu ne ko wata ɗaya, kuma in ta mutu wa zai biya kuɗin gas na biyu, don yawanci a kan wannan ake faɗa.