Tambayoyi da Amsoshi kan Gina Fulogin Mai Ƙarasa Kod

Waɗannan tambayoyi sun fito ne daga matasan da nake koya wa rubuta manhaja a Tudun Wada, cikin garin Gombe.

Malam, mene ne ainihin aikin wannan fulogin?

Fulogin ƙaramar manhaja ce da ake haɗawa da babba don ƙara mata aiki. Aikin wannan shi ne idan kana rubuta kod ka buga haruffa biyu ko uku, ya kawo maka jerin sunayen da za su iya cika gurbin, ka zaɓi ɗaya. Mafi sauƙin nau'insa yana cikin Vim, wata manhajar rubuta kod wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991: kana danna Ctrl da N, sai ta tattaro kalmomin da ke cikin fayilolin da ka buɗe. Sai dai kalmomi kawai take gani, ba ta san ma'anarsu ba.

Dole ne in rubuta wa kowace manhajar rubutu nata daban?

A da haka ake yi. A 2016 Microsoft ya fito da yarjejeniyar LSP (Language Server Protocol), wadda ta raba aikin gida biyu. Manhajar rubutu tana aika saƙo cewa ga fayil, ga layi, ga inda mai rubutu ya tsaya, ita kuma sabar harshe, wato wata manhaja daban da ta san harshen kod ɗin, sai ta mayar da jerin shawarwari. Manhajar rubutu ta VS Code na jin wannan yare, takwararta Neovim ma ta shigar da shi cikin jikinta a 2021. Shawarata ita ce ka gina a kansa.

To, ina wahalar take?

Tana wuri biyu. Na farko, kod ɗin da ake cikin rubutawa kusan kullum a karye yake, an buɗe baka ba a rufe ba, layi bai kai ƙarshe ba, kuma a daidai lokacin ake bukatar taimakonka. Shi ya sa ake amfani da kayan aiki irin Tree-sitter mai nazarin tsarin kod, wanda ke jure kuskure, yake kuma sake nazarin ɓangaren da ya sauya kaɗai. Na biyu shi ne sauri. Idan jerin ya iso bayan mutum ya gama buga kalmar da hannunsa, ba shi da amfani, don haka ka soke tsohon saƙon da aka aika wa sabar da zarar an buga sabon harafi. Ka kuma gwada shi a tsohuwar kwamfuta, irin wadda yawancinmu ke riƙe da ita.

Haruffanmu masu lanƙwasa fa?

Nan ne nake so ku fi lura. Harshen kod na Python 3 ya yarda ka sa suna kamar kuɗin_makaranta. Wata ɗaliba ta rubuta ƙa'idar gane kalma da haruffan a zuwa z kawai, sai fulogin nata ya yanke sunan a kan ɗ, yana neman abin da ya fara da "in". Bayan ta gyara, wata matsalar ta ɓullo: Neovim na ƙirga ɗ a matsayin bayit 2 (bayit shi ne ma'aunin girman bayanai a kwamfuta), LSP kuwa bisa asali yana ƙirga shi 1 da ma'aunin UTF-16, wani tsarin adana haruffa. Duk layin da ke da ɗ, ƙ ko ɓ, sai shawarar ta sauka a gefen inda ya kamata, har sai da ta rubuta ɗan kod mai juya ƙirgar.

GitHub Copilot bai kashe wannan sana'a ba?

Bai kashe ba. Mataimakin rubuta kod ne mai amfani da ƙirƙirarriyar basira (AI). Ya fito a 2021, yana hasashen layuka masu yawa, amma da intanet yake aiki. Sabar harshe a cikin kwamfutarka take zaune, ko data ta ƙare tana ci gaba da aiki, kuma daga kod ɗinka take ɗauko sunayen da take kawowa.