Me ake nufi da "barbara ta biyu" a wajen barewar Amurka?

Mafarauta a arewacin Amurka kan ambaci "barbara ta biyu" da zarar Disamba ya kama, kuma ita ce ke bayyana dalilin da ya sa ake cin karo da jaririn ɗan barewa a lokacin da sa'o'insa sun riga sun yi ƙwari.

Barewa mai farar wutsiya ba ta barbara duk shekara. Gajartar yini ce ke motsa jikinta, shi ya sa a jihohi irin su Michigan da Wisconsin abin ke kaiwa ƙololuwa a Nuwamba. Macen kan karɓi namiji na kusan yini guda kacal. Idan ta samu, sai ta ɗauki ciki na kimanin kwana 200, ta haihu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, daidai lokacin da ciyawa ta wadata. Idan kuwa ba ta samu ba, bayan kwana 28 sai ta sake neman namiji. Wannan zagayen ne ake kira barbara ta biyu. A cikinsa ma ƙananan mata da aka haifa a shekarar kan shiga, in sun ƙoshi sun yi nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin da ke sa babbar mace ta rasa namiji tun farko. Sau da yawa farauta ce: ana bin maza masu manyan ƙaho ana harbewa, a bar mata da yawa ga 'yan tsirarun maza, ba su iya kai wa ga kowacce a ɗan lokacinta. Ɗan da ya zo a Yuli ko Agusta shi ke ɗanɗana kuɗarsa. Kamar geron da aka shuka a makare ne, damina ta ɗauke bai nuna ba. Hunturu zai same shi da ƙaramin jiki, babu kitsen jure dusar ƙanƙara, wani ma roɗi-roɗin farin da ke bayansa bai gama ɓacewa ba.

Sai dai a kula, ba kowace haihuwar Agusta ce makara ba. A sassan Alabama, can kudu, barbarar farko ma sai Janairu zuwa Fabrairu, don haka haihuwa a ƙarshen Yuli da Agusta ita ce al'adarsu, kuma sanyin can bai kai na arewa tsanani ba.